ABU UBAIDA ƊAN JARRAH, AMINTACCEN DA AKA KIRA GIDA YA ƘI ZUWA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk sanda annoba mai kisa ta ɓarke a wata ƙasa akwai gardamar da ba ta rasa tashi. Mutanenmu da ke can, musamman waɗanda cutar ta riga ta kama, a ɗauko su a dawo da su gida ne, ko a bar su inda suke? A watan Agustan 2014 Amurkawa sun sha wannan rigima, lokacin da aka ɗauko 'yan ƙasarsu biyu masu aikin agaji da Ebola ta kama a Laberiya aka kai su asibitin Emory da ke Atlanta. Jama'a da dama suka firgita, har Donald Trump, wanda bai zama shugaban ƙasa ba a lokacin, ya fito yana cewa kada a bari su shigo. A Fabrairun 2020 kuma, a wani gari na ƙasar Yukren, mutane suka tare hanya suna jifan motocin da suka ɗauko 'yan uwansu daga Wuhan, alhali ko tari ba a ji ɗayansu ya yi ba.

Mu kuwa a nan, da an fara irin wannan zance sai wani ya jawo hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa, ya kashe bakin kowa da shi. Hadisin ingantacce ne, babu ja. Amma ya kamata mu san mutumin da aka yi aiki da wannan hadisi a gabansa, aka kuma aiko masa takarda daga Madina ya dawo gida ya ƙi.

Sunansa Amir ɗan Abdullahi ɗan Jarrah, Baƙuraishe daga Banu Haris ɗan Fihr. Alkunyarsa ta rinjayi sunansa, sunan kakansa kuma ya rinjayi na ubansa, shi ya sa kowa ya san shi da Abu Ubaida ɗan Jarrah (R.A). Dogo ne siriri, gemunsa ba yalwatacce ba, ga ɗan ranƙwafawa. Ya musulunta tun kafin Manzon Allah (S.A.W) ya shiga gidan Arƙam, yana kuma cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna. Ya yi hijira zuwa Madina, ya halarci Badar. Labarin nan da ake yawan bayarwa a kan mumbari cewa shi ya kashe mahaifinsa ranar Badar, malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, har akwai masu tarihi da suka ce uban ya rasu tun kafin Musulunci, don haka mu tsallake shi.

Abin da kowa ya shaida a fuskarsa shi ne giɓi. Ranar Uhudu zobba biyu na kwalkwalin yaƙi sun nutse a kuncin Manzon Allah (S.A.W). Abu Ubaida ya ji tsoron in ya ja da hannu zai ƙara masa ciwo, sai ya sa haƙori ya ciji na farko ya zare a hankali, haƙorin gabansa ya fita tare da shi. Ya koma wa na biyu, wani haƙorin ya sake fita. Sahabbai sun kasance suna cewa ba su ga wanda giɓi ya yi wa kyau kamarsa ba.

A shekara ta 8 bayan hijira aka aike shi da ɗauki zuwa ga Amr ɗan As a yaƙin Zatus Salasil, a cikin mutanensa akwai Abubakar da Umar. Da suka isa sai maganar wa zai ja ragama ta taso. Amr bai fi 'yan watanni da musulunta ba, amma ya tsaya kan cewa shi ne amiri, su ɗauki suka kawo. Abu Ubaida ya tuna an yi masa wasiyya da kada su yi saɓani, ya sakar masa, ya bi shi sallah. Shi ne kuma ya jagoranci mutum 300 zuwa gaɓar teku, guzuri ya ƙare har yana raba musu dabino ɗai-ɗai a wuni, suka koma cin ganye, kafin Allah Ya jefo musu wani ƙaton kifi da ake kira Anbar. Ku riƙe wannan hoton na shugaba mai cin ganye tare da mutanensa, zai yi mana amfani a gaba.

Laƙabinsa kuwa daga bakin Manzon Allah (S.A.W) ya fito. Mutanen Najran sun nemi a haɗa su da amintaccen mutum, aka yi musu alkawarin wanda ya cika amintacce. Sahabbai kowa ya miƙa wuya yana fatan shi ne. Sai aka kira Abu Ubaida, aka sanar cewa kowace al'umma tana da amintaccenta, na wannan al'umma shi ne shi. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Ranar Saƙifa ma, shi da Umar ne Abubakar ya gabatar wa mutane su zaɓi ɗaya. Wani abin da ba a cika faɗi ba, Abu Ubaida mahaƙin kabari ne. Shi yake haƙa wa mutanen Makka irin nasu kabarin, Abu Ɗalha kuma yana yi wa mutanen Madina lahadu. Mutum ne da ya saba da ganin gawa tun kafin Sham.

Zamanin Abubakar aka tura runduna huɗu Sham, shi aka nufa da Hims. Da Umar ya hau, ya sauke Khalid ɗan Walid daga jagorancin rundunonin ya naɗa Abu Ubaida. Takardar ta same shi ana tsakiyar yaƙi, sai ya ɓoye ta, ya ci gaba da bin umarnin Khalid har ƙura ta lafa. Kafin Yarmuk, a shekara ta 15, da ya zama dole Musulmi su janye daga Hims, ya sa aka mayar wa Kiristocin garin kuɗin jiziyar da aka karɓa, tunda an karɓa ne a kan za a kare su kuma yanzu ba za a iya ba. Bayan Yarmuk garuruwa suka yi ta buɗewa, har Baitul Maƙdis, wadda mutanenta suka ce sai Halifa ya zo da kansa. Da Umar ya zo Sham ya nemi ya ga masaukin amirin rundunarsa. Bai tarar da komai ba sai takobi da garkuwa da sirdi. Umar ya yi kuka, ya shaida cewa duniya ta taɓa kowa a cikinsu in ban da Abu Ubaida.

To, sai annoba.

Amwas ƙaramin gari ne a Falasɗinu, tsakanin Ramla da Baitul Maƙdis, akwai sansanin Musulmi a wajen. Isra'ila ta rushe ƙauyen a 1967. Daga nan cutar ta fara cin rundunar, shi ya sa ake kiranta Ɗa'un Amwas. Masu tarihi suna sanya ta tsakanin shekara ta 17 da ta 18 bayan hijira, wato 638 zuwa 639. Ɗa'un cuta ce ta musamman, ba kowace annoba ake kira haka ba. Zazzaɓi ne mai zafi da kaluluwa da ke kumbura a hammata ko matse-matsi ko wuya, cikin 'yan kwanaki mutum ya tafi. Ta daɗe tana kai-komo a ƙasashen Rumawa tun shekarar 541. Sai a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, daga baya aka gane ƙuma ce ke ɗaukar ta daga jikin ɓera ta kai wa mutum, in kuma ta kai huhu ana ɗauka ta numfashi. Sahabbai ba su da wannan bayanin. Abin da suke gani kawai, yau ka binne maƙwabcinka, jibi a binne wanda ya taya ka haƙa.

Umar ya fito daga Madina da manyan Sahabbai zai je Sham. Da ya isa Sarg, can bayan Tabuka a bakin iyakar Hijaz da Sham, sai Abu Ubaida da sauran amirai suka tarye shi da labarin annoba. Ibn Abbas ya ba da wannan ƙissa dalla-dalla. Umar ya kira Muhajirai na farko ya shawarce su, suka rabu biyu, wasu suna ganin an fito don wani aiki bai kamata a koma ba, wasu suna ganin ragowar Sahabban Manzon Allah ne tare da shi, bai dace ya kai su bakin wannan cuta ba. Ya kira Ansar, su ma suka rabu haka. Sai ya kira dattawan Ƙuraishawa da suka yi hijira wajejen buɗe Makka, su ko mutum biyu ba su saɓa ba, suka ce a koma. Umar ya sa aka yi shela cewa da safe za a juya.

A nan Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Maganar ta yi wa Umar nauyi, domin ba ya son saɓa wa wannan mutumin, har ya yi fatan da wani ne ya faɗe ta. Ya amsa masa cewa gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ya kai su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Auf, wanda ya tafi wata buƙata, ya dawo ya ce yana da ilmi a kan mas'alar, ya ji Manzon Allah (S.A.W) ya hana a nufi ƙasar da aka ji tana da annoba, ya kuma hana wanda ta same shi a ciki ya fita don guje mata. Umar ya gode wa Allah ya juya Madina. Abu Ubaida ya juya Sham.

Kun ga hadisi ɗaya ya raba su hanya, kowa kuma da shi ya yi aiki. Ku lura da wani abu: tsoron kai cuta cikin jama'a ba raunin imani ba ne. Ga Umar ya juya da rundunar Sahabbai. Wanda ya ji za a dawo da mai Ebola garinsu gabansa ya faɗi saboda 'ya'yansa, ba a ce masa ba shi da tawakkali.

Annoba ta tsananta. Umar yana Madina hankalinsa yana wajen mutum ɗaya. Sai ya rubuta wa Abu Ubaida cewa wata buƙata ta taso wadda sai baki da baki, ya kuma gama shi da Allah cewa da takardar ta isa hannunsa kada ya ajiye ta sai ya kamo hanya. Bai ambaci annoba ba ko sau ɗaya. Abu Ubaida ya karanta ya gane. Ya nema wa Amirul Muminina gafara, ya mayar da amsa cewa ya fahimci buƙatar, so ake a tsirar da wanda ba mai dawwama ba ne. Ya ce yana cikin rundunar Musulmi, ba ya son ya fifita ransa a kan nasu, ba ya son rabuwa da su har Allah Ya zartar da hukuncinsa a kansa da su, don haka a warware masa wannan rantsuwa. Umar ya karanta ya fashe da kuka. Na kusa da shi suka tambaya ko Abu Ubaida ya rasu ne. Ya ce bai rasu ba tukun, amma kamar an yi.

Mu tsaya a nan kaɗan, domin nan ne mas'alar take.

Umar ya ji hadisin da kunnensa a Sarg, amma ga shi yana neman fito da mutum daga ƙasar annoba zuwa Madina. Ashe bai fahimci hadisin a matsayin katangar da ake ginawa a bar na ciki su mutu ba. Hanin an ɗaure shi ne da gudu. Imam Nawawi ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan halaccin fita don wata buƙata da ba gudu ba. Ibn Hajar, wanda shi kansa ɗa'un ta ɗauke masa 'ya'ya mata har ya wallafa littafi guda a kanta mai suna Bazlul Ma'un, ya kasa fitar gida uku: wanda ya fita don gudu zalla, hani ya hau kansa, wanda ya fita don buƙata zalla, babu laifi, wanda ya haɗa buƙata da neman sauƙi, a nan malamai suka yi saɓani, masu halattawa kuma da wannan ƙissa ta Umar suke kafa hujja. Imam Gazali kuwa ya duba hikimar hanin ta wani ɓangare da muke yawan mantawa. In aka bar masu lafiya suka watse, wa zai ba mara lafiya ruwa, wa zai ba shi abinci, wa zai wanke shi ya binne shi? Kenan rabin hikimar hadisin kare na waje ne, rabi kuma kada a yasar da na ciki. Mu mun riƙe rabin farko da ƙarfi saboda mu ne a waje.

Gaskiya ne Abu Ubaida lafiyarsa ƙalau lokacin da takardar ta zo, don haka ba daidai yake da wanda cuta ta riga ta kama ba. Amma a ganina mara lafiyan da likitoci suka killace, suka ɗauko cikin jirgi na musamman zuwa ɗakin da aka gina don irin cutarsa, ya fi kusa da mai fita don buƙata, domin neman magani buƙata ce. Waɗancan Amurkawa biyu sun warke, babu ma'aikacin asibitin da ya ɗauka a wajensu. Wanda ya yi mana ɓarna a Najeriya a waccan shekarar, mutum ɗaya ne da ya taso daga Laberiya da cutar a jikinsa, ya hau jirgin fasinja ya sauka Legas ranar 20 ga Yuli ba tare da wani shiri ba. Mutum takwas suka rasu, har da likita Stella Adadevoh da ta hana shi barin asibiti. Irin wannan fitar ce ke kai wuta gari. Inda ƙasa ba ta da wurin killacewa kuwa, hukunci ya canja, sai a kai wa mara lafiya magani da masu jinya can inda yake. Abin da ban ga wanda ya halatta ba shi ne a rufe ƙofa a kuma manta da shi.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ci mini rai. Umar mutum ɗaya ya kira, cikin dubban mutane. Yana da uzurinsa, yana ganin al'umma ba za ta iya rashin irin Abu Ubaida ba. Amma Abu Ubaida ya dubi sojan da ba wanda zai rubuto masa takarda daga Madina. Haka abin yake har yau, kujerar jirgi ba ta isar kowa. Kwanaki kaɗan kafin a sauke Amurkawan nan a Atlanta, Dakta Sheik Umar Khan, babban likitan da ke jagorantar yaƙi da Ebola a Saliyo, ya rasu a wani sansanin jinya a ƙasarsa. Abu Ubaida shi aka ba kujerar, kuma shi ya mayar. Ba mutanen Madina ne suka tare hanya suka ce kada ya shigo ba. Wanda yake zaune gidansa lafiya ba shi da hurumin ɗaukar wannan ƙissa ya ce wa mara lafiya ya yi koyi da Abu Ubaida ya mutu a can. Wannan sadaukarwa ce da mutum ke zaɓa wa kansa.

Umar bai haƙura ba. Da ya kasa fito da mutum ɗaya, sai ya nemi ya tsirar da duka. Ya sake rubutawa cewa an saukar da mutane a ƙasa mai kwari da danshi, a ɗaga su zuwa tudu mai iska. Wannan umarnin Abu Ubaida bai yi musu a kansa ba. Ya kira Abu Musa Al'ash'ari ya ce ya je ya nemo wa mutane wurin sauka. Abu Musa ya shiga gida zai yi shiri, ya tarar cutar ta kama matarsa, ya dawo ya faɗa masa. Sai Abu Ubaida ya sa aka ɗaura wa raƙuminsa sirdi zai tafi da kansa. Yana sa ƙafa a likkafa ya ji abin a jikinsa, ya ce wa na kusa shi ma an same shi. Duk da haka ya sa mutane suka tashi suka nufi Jabiya, a tuddan Jaulan.

An ruwaito cewa kafin nan ya yi wa mutane huɗuba, ya kira cutar rahama daga Ubangijinsu da mutuwar salihan da suka gabata, har ya roƙi Allah Ya ba shi rabonsa a ciki. Wasu matasa suna jin wannan sai su ɗauka sunna ce a roƙi cuta. A'a. Abin da Manzon Allah (S.A.W) ya koyar da mu shi ne roƙon lafiya da neman tsari daga miyagun cututtuka. Abu Ubaida yana magana ne da rundunar da ke binne ɗaruruwa, masu buƙatar su ji cewa mamatansu shahidai ne kuma amirinsu bai ɗauki kansa ya fi su ba.

Ya rasu a shekara ta 18 yana da shekara 58. Kabarinsa yana kwarin kogin Urdun, a ƙasar Jodan ta yau. Mu'azu ɗan Jabal ya yi masa sallah ya karɓi jagoranci. Ba a daɗe ba cutar ta ɗauki ɗansa Abdurrahman, sannan ta ɗauke shi, bai kai arba'in ba. Yazidu ɗan Abu Sufyan ya tafi, ƙanensa Mu'awiya ya hau gurbinsa a Dimashƙa. Shurahbil ɗan Hasana ya tafi. Masu tarihi suna ambaton mutum 25,000.

Da ragama ta zo hannun Amr ɗan As, mutumin nan da Abu Ubaida ya sakar wa shugabanci shekara goma da suka wuce, sai ya ce wa mutane wannan cuta kamar wuta take, su watse cikin duwatsu. Wani daga cikin Sahabbai ya miƙe ya yi masa raddi mai zafi. Amr bai biye masa ba, ya fita, mutane suka rarrabu, Allah Ya ɗauke annobar. Labari ya kai wa Umar, bai ƙi abin da Amr ya yi ba. Daga baya ya zo Sham da kansa don ya warware gādo, domin magada sun mutu a bayan magada har lissafi ya rikice wa mutane.

Shekara biyar bayan haka, a shekara ta 23, Umar yana kwance da raunin wuƙar Abu Lu'ulu'a, aka ce masa ya naɗa magaji. Ya ce da Abu Ubaida yana raye da shi zai naɗa, in Allah Ya tambaye shi dalili ya ce ya ji Annabinsa ya kira shi amintaccen wannan al'umma. Sai ya bar al'amarin shawara tsakanin mutum shida.

Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya na gida da na waje.